Wasiƙa Zuwa ga Edita: Maganin Amosanin Gaɓɓai da Ake Sha Sau Ɗaya Tak a Mako

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi wa masu karatu bayani a kan wani magani da likitoci ke rubuta wa masu fama da amosanin gaɓɓai mai kumburi, wanda za a ga sunansa a jikin kwali an rubuta Methotrexate, mu kuma ma'aikatan lafiya muke furta shi metotireksat. Na daɗe ina aikin harhaɗa magunguna a asibiti, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura wannan magani yana ƙara yawa a hannun jama'armu, alhali sanin yadda ake shan sa bai yaɗu tare da shi ba. Magani ne mai araha wanda ya tsare hannuwa da ƙafafun miliyoyin mutane daga nakasa, amma wanda ya sha shi yadda muka saba shan sauran magunguna, wato safe da rana da dare, zai iya rasa ransa cikin 'yan makonni. Na yi imani cewa mutum ba ya riƙe ƙa'idar da bai san dalilinta ba, shi ya sa zan shiga cikin bayanin sinadarin kansa gwargwadon yadda mai karatu zai iya bi.

Ba kowane ciwon gaɓa ne yake buƙatar wannan magani ba. Ciwon gwiwa da ƙugu da ke kama dattawa da masu ƙiba, wanda ke zuwa daga zaizayewar guringuntsi saboda shekaru da nauyi, metotireksat ba shi ne maganinsa ba, haka nan ciwon ƙashin masu sikila. Cutar da ake ba da shi dominta ita ce wadda likitoci ke kira rumatoyid, inda garkuwar jikin mutum take juyowa ta afka wa siririyar fatar da ta lulluɓe cikin gaɓa, sai fatar ta kumbura, ta yi kauri, ta riƙa cin guringuntsi da ƙashin da ke kusa da ita har gaɓar ta karkace. Ta fi kama ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu da na ƙafa, kuma takan kama dama da hagu a lokaci guda. Babbar alamarta ita ce sandarewar safe: mara lafiya ta tashi daga barci ta kasa dunƙule hannu, ta kasa ɗaura zani ko riƙe buta, sai bayan rabin awa ko awa guda ko fiye gaɓoɓin su fara saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da cutar a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

An daɗe ana ɗaukar cewa cutar Turawa ce. A ƙarshen shekarun 1960 wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi aiki na tsawon shekaru a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya duba bayanan marasa lafiya a asibitin koyarwa na Ibadan, ya ga cewa cutar ba ta da yawa a can. Amma a shekarar 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka wallafa rahoto a kan 'yan Najeriya 200 masu wannan cuta da aka gani a asibitin gaɓɓai guda ɗaya. Duk wanda ya zauna a tagar ba da magani a ɗaya daga manyan asibitocin Arewa ya ga waɗannan hannuwa da idonsa, kuma abin da ke damuna shi ne yawancinsu sukan iso ne bayan yatsun sun riga sun lanƙwashe. Kafin su zo, sun shafe shekaru suna shan haɗin kemis, wanda galibi ya ƙunshi maganin kashe raɗaɗi irin su dikulofenak da kuma firedinisolon ko deksametason. Haɗin yana kwantar da zafi a ranar, shi ya sa ake komawa gare shi, sai dai maganin raɗaɗi ba ya hana cutar cin ƙashi, su kuma sauran biyun idan aka daɗe a kansu sukan jawo kumburin fuska, hawan jini, ciwon sukari da raunin ƙashi. Abin da ya bambanta metotireksat shi ne yana rage gudun cutar kanta, kuma yana yin haka ne sosai idan aka fara shi a watannin farko, tun kafin ƙashi ya ɓaci, domin abin da ya riga ya karkace ba ya miƙewa.

Asalin maganin yana komawa ne ga wani sinadarin abinci da kowace mace da ta taɓa zuwa awon ciki ta san shi, wato folik asid. A farkon shekarun 1930 wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, da ke aiki a birnin Bombay na Indiya, ta gano cewa akwai wani abu a cikin yis da ke warkar da wani nau'in ƙarancin jini na mata masu ciki. A 1941 aka tace shi daga ganyen alayyafo, sannan a 1945 masana a kamfanin Lederle da ke jihar New York ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin wani masani ɗan Indiya mai suna Yellapragada Subbarow, suka iya haɗa shi a ɗakin gwaji. Amfaninsa a jiki shi ne duk ƙwayar halittar da za ta rabu biyu dole ta fara kwafar sinadarin gado na DNA, kuma ba za ta iya ƙera wasu daga tubalan DNA ɗin ba sai da folik asid. Shi kansa folik asid ba ya aiki yadda aka ci shi, sai wani inzayim (wato sinadarin da aikinsa shi ne sarrafa wasu sinadarai) da ke cikin ƙwayar halitta, wanda masana ke taƙaita sunansa da DHFR, ya sarrafa shi ya mai da shi siffar da jiki ke amfani da ita.

Wani likitan yara a birnin Boston, Sidney Farber, ya ba yara masu sankarar jini wani nau'in wannan sinadari, sai ya ga kamar cutar ta ƙara gudu. Daga nan ya yi tunanin cewa idan ciyar da ƙwayoyin sankara da shi yana ƙara musu ƙarfi, to hana su shi zai iya karya su, ya kuma nemi Subbarow ya ƙera masa sinadarin da ya yi kama da folik asid amma ba ya yin aikinsa. Na farko da ya yi tasiri shi ne aminofterin, kuma a watan Yunin 1948 Farber ya wallafa cewa yara 10 cikin 16 da aka ba su sun sami sauƙi na ɗan lokaci, abin da ba a taɓa gani ba a wannan cuta. Ba da daɗewa ba aka ƙera ɗan'uwansa metotireksat, wanda a hankali ya maye gurbinsa.

Idan aka dubi ginin sinadaran biyu za a ga kusancinsu. Folik asid yana da ƙwayoyin zarra na kabon 19, haidirojin 19, naitirojin 7 da oksijin 6, shi kuma metotireksat yana da kabon 20, haidirojin 22, naitirojin 8 da oksijin 5. Dukansu sun ƙunshi sassa uku a jere: zobe biyu manne da juna da ake kira teridin a gaba, wani zobe guda a tsakiya, sannan jela ta sinadarin gulutamet a ƙarshe. Wurare biyu kacal aka taɓa. A jikin zoben gaba an cire oksijin an sa rukunin amino mai ɗauke da naitirojin, a kan naitirojin ɗin da ke haɗa gaba da tsakiya kuma an ƙara rukunin metil mai kabon ɗaya. Wannan ɗan canji ya sa inzayim ɗin DHFR yake kama metotireksat da ƙarfin da ya ninka yadda yake kama folik asid kimanin sau dubu, kuma da masana suka ɗauki hoton haɗuwar tasu a ƙarshen shekarun 1970 sun tarar zoben gaban yana shiga ramin inzayim ɗin ne a juye. Misalinsa kamar mabuɗin da ya yi kama da na gaskiya ne, ya shiga kwaɗo ya maƙale, bai buɗe ba kuma bai bar na ainihi ya shiga ba. Ƙwayoyin halittar da suka fi jin jiki su ne masu saurin rabuwa: na sankara, amma har da na ɓargo inda ake ƙera jini, da na rufin baki da hanji, da na tushen gashi, da na ɗan tayi a cikin mahaifa. Yawancin illolin maganin da zan ambata daga wannan jerin suke fitowa.

A fagen sankara ya yi suna tun da wuri. A 1956 likitoci biyu a cibiyar binciken sankara ta Amurka, Min Chiu Li da Roy Hertz, suka warkar da mata masu wata sankara da ke tasowa daga mabiyiya bayan ciki, ko da ta riga ta bazu zuwa huhu, kuma wannan ne karo na farko da magani kaɗai ya warkar da sankara mai ƙari da ta yaɗu a jiki. An kuma yi amfani da shi a Gabashin Afirka tun farkon shekarun 1960 a kan sankarar muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda. Zuwansa fagen gaɓɓai kuwa ya ɗauki lokaci. Tun 1951 wani likita a New York, Richard Gubner, ya gwada aminofterin a kan masu rumatoyid ya ga kumburi ya sauka, amma a lokacin hankalin duniya yana kan kotison, maganin kumburi dangin firedinisolon, wanda Philip Hench ya fara bai wa mai wannan cuta a 1948 har ya sami kyautar Nobel a 1950, kuma likitoci suna ƙyamar ba da maganin sankara ga cutar da a ganinsu ba ta kisa. Wani likita a garin Spokane, Rex Hoffmeister, ya ci gaba da ba da shi kaɗan kaɗan, ya kawo rahoton marasa lafiya 29 a 1972, ba a saurare shi sosai ba. Sai da Michael Weinblatt da abokan aikinsa a Boston suka wallafa gwaji mai tsari a 1985, wasu gwaje-gwajen suka zo da sakamako iri ɗaya, sannan hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi domin rumatoyid a 1988. A yau shi ne maganin farko da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Turai da Amurka ke ba da shawarar a fara da shi, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana kuma ba da shi domin cutar fata mai ɓawo da ake kira soriyasis da amosanin gaɓɓai na yara.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Adadin da ake bai wa mai rumatoyid yakan kama daga miligiram 7.5 zuwa 25, kuma ana shan sa ne gaba ɗaya a rana guda cikin mako, sauran kwana shida ba a sha. Mai tambaya zai ce, ta yaya maganin da ake sha ranar Juma'a zai ci gaba da aiki har Alhamis, alhali ƙoda takan fitar da mafi yawansa cikin fitsari a kwana ɗaya? Amsar tana cikin jelar nan ta gulutamet. Idan maganin ya shiga ƙwayar halitta, wani inzayim yakan ɗauke shi a matsayin folik asid ya riƙa ƙara masa jela a kan jela, har ya yi girman da ba zai iya fita da sauƙi ba, sai ya zauna a ciki makonni bayan ya ɓace daga jini. A wannan siffa yana toshe wasu inzayim ɗin daban, abin da ke sa ƙwayoyin halitta su saki wani sinadari mai suna adinosin, wanda ke kwantar da ƙwayoyin garkuwar jiki masu haddasa kumburi. Bruce Cronstein na Jami'ar New York ne ya fito da wannan bayani a farkon shekarun 1990, kuma yawancin masana suna ganin shi ne babban dalilin da ya sa ɗan ƙaramin adadi yake sauke kumburin gaɓa. Kwana shidan da ba a sha kuwa su ne hutun da ɓargo da hanji ke samu su farfaɗo. Illar wannan magani ta fi rataya a kan tsawon lokacin da ya ɗauka yana yawo a jini fiye da yawan da aka sha a tashi ɗaya, shi ya sa mai sankarar ƙashi zai iya karɓar giram da yawa ta jijiya a asibiti, a bi shi da makari, ya tashi lafiya, amma mai shan ƙwaya biyu ko uku kullum a gida ya halaka.

A yi lissafi mai sauƙi. Ƙwayar da aka fi samu tana da miligiram 2.5, saboda haka wanda aka rubuta wa miligiram 15 zai haɗiye ƙwaya 6 a ranarsa. Idan ya fahimci cewa kullum ne, a mako guda ya sha miligiram 105. Idan kuma ya ga ƙwaya shida sun yi yawa a tashi ɗaya, ya yanke wa kansa shawarar rarraba su ɗaya bayan ɗaya a kwanakin mako, ya hana jikinsa hutun da ake nufi ko da jimillar ba ta canja ba. Abin da ke biyo bayan shan sa kullum sananne ne: gyambo ya fito a baki da maƙogwaro har mutum ya kasa haɗiyar ruwa, gudawa ta biyo, fararen ƙwayoyin jini su faɗi, zazzaɓi ya rufe shi, dasashi ya fara zubar da jini. Wannan kuskure ya kashe mutane a ƙasashen da kowa ke iya karanta takardar magani, har ta kai hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta fitar da sababbin matakai a 2019, ciki har da buga gargaɗi a jikin kwali da bai wa mara lafiya kati na musamman. To ina ga wurin da ake zuba ƙwayoyi a farar leda, a ja layi ɗaya ko biyu ko uku da biro, kuma mai karɓar maganin sau da yawa ɗan aike ne?

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Likita yakan haɗa wa mara lafiya da folik asid, sau da yawa miligiram 5 a wata rana daban cikin mako ko ƙaramin adadi a kowace rana, domin ya rage tashin zuciya da gyambon baki da taɓuwar hanta, kuma wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje a 2013 ya nuna cewa yana rage hauhawar alamomin hanta a gwajin jini da kusan kashi uku cikin huɗu ba tare da ya kashe amfanin maganin ba. Matsalar ita ce metotireksat gari ne mai launin rawaya, folik asid ma haka, saboda zoben da suka yi tarayya a kansa, don haka ƙwayoyin biyu sukan fito ƙanana, rawaya, masu kama da juna ƙwarai. Idan aka fitar da su daga kwalinsu aka zuba a leda biyu, tsohuwar da idonta ya yi rauni ba ta da hanyar bambance wanda ake sha kullum da wanda ake sha mako mako. Shawarata ga 'yan'uwana masu ba da magani ita ce kada a taɓa raba wannan magani da kwalinsa, kuma a zauna da mara lafiya a zaɓi ranar da ba za ta ɓace masa ba, Juma'a ce ko ranar kasuwar garinsu, a rubuta sunan ranar da manyan baƙaƙe, da boko ko da ajami, sannan a sa shi ya maimaita da bakinsa kafin ya bar taga.

Haɗari na gaba ya shafe mu fiye da yadda ya shafi Turawa, saboda magungunan da ke cikin gidajenmu. Septrin, wanda ake saya a kemis domin tari da gudawa da ciwon mara, kuma ake bai wa masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki su sha kullum domin kariya, yana ɗauke da sinadarin tirimetofirim. Fansidar na zazzaɓin cizon sauro kuma yana ɗauke da firimetamin. Waɗannan biyun, da suka fito daga binciken George Hitchings da Gertrude Elion, an ƙera su ne domin su toshe inzayim ɗin DHFR na ƙwayoyin cuta, kuma ko da yake sun fi kama na ƙwayoyin cutar nesa ba kusa ba, suna ɗan taɓa na mutum. A jikin mai lafiya wannan ba wani abu ba ne, amma a jikin wanda metotireksat ya riga ya toshe masa wani kaso na inzayim ɗin, ƙarin yakan isa ya durƙusar da ɓargo, balle kuma Septrin yana rage saurin da ƙoda ke fitar da maganin. An sami mace-mace ta wannan hanya ko a kan ƙaramin adadin mako. Iyayen yaron da ke shan metotireksat su sani cewa maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida gida da damina yana ɗauke da irin sinadaran Fansidar, don haka su tuntuɓi likitan yaron kafin su karɓa. Magungunan raɗaɗi irin su dikulofenak da ibufurofen su ma suna iya rage aikin ƙoda, kuma ko da yake likita yakan haɗa su da shi yana lura da gwajin jini, bai kamata mara lafiya ya ƙara su da kansa ba, musamman dattijo ko mai ciwon ƙoda. Haka nan a lokacin zafin bazara, ko idan amai da gudawa suka kama mutum jikinsa ya bushe, maganin yakan daɗe a jini, kuma daidai ne a jinkirta shan na wannan makon har a ji ta bakin likita. Mai azumi ya sha nasa bayan buɗa baki, ya kuma yawaita shan ruwa kafin sahur.

Batun ciki yana buƙatar a faɗe shi ƙarara, domin yawancin masu cutar mata ne kuma da yawansu suna shekarun haihuwa. Metotireksat yana zubar da ciki, idan kuma cikin ya tsaya yana iya haddasa nakasa a ƙoƙon kai da fuska da gaɓoɓin jariri. Ƙarfinsa a kan ƙwayoyin mabiyiya ne ma ya sa tun shekarun 1980 likitocin mata ke yin allurarsa domin narkar da cikin da ya zauna a bututun ƙwai a wajen mahaifa, idan an gano shi da wuri, a kauce wa tiyata. Macen da ke shan sa dole ta kasance a kan tsarin tazarar haihuwa mai inganci, idan kuma tana son ɗaukar ciki ta gaya wa likita domin a tsayar da shi watanni kafin lokacin, aƙalla uku a bisa shawarar da aka fi bi, a mai da ita kan wani kamar haidiroksikulorokwin ko salfasalazin, waɗanda ake iya sha da ciki. Mai shayarwa ma ba a ba ta. A al'adarmu mace takan ji nauyin yin wannan magana da likita namiji, wata kuma ba ta da ikon yanke shawarar tazara ita kaɗai, saboda haka ina ganin wajibi ne a kira maigida a yi bayanin a gabansa tun ranar farko.

Hanta ma tana buƙatar kulawa, kuma a nan akwai abin da ya keɓanta da ƙasarmu. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 8 cikin ɗari na balagaggun 'yan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, akasarinsu ba su sani ba. Fara metotireksat ba tare da an gwada wannan ba ganganci ne. Kafin a fara, ana buƙatar gwajin ƙwayoyin jini, da na hanta, da na ƙoda, da hoton ƙirji saboda tarin fuka da sauran cututtukan huhu, sannan a riƙa maimaita gwajin jinin duk mako biyu zuwa huɗu a watannin farko, daga baya duk wata biyu zuwa uku. Na san kuɗin gwajin yakan fi kuɗin maganin, kuma a nan ne mutane da yawa ke yankewa su ci gaba da sayen ƙwayar a waje ba tare da komawa asibiti ba. Giya haramun ce ga mai shan sa ko da addininsa bai hana shi ba, kuma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba suna ƙara wa hanta nauyi. Busasshen tari da ƙarancin numfashi da suka zo sabo, ko zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko shawara a ido, kowannensu dalili ne na dakatar da maganin a tafi asibiti a ranar.

Ba na so wannan jerin gargaɗi ya sa wanda likita ya rubuta wa maganin ya jefar da shi, domin hakan ma asara ce babba, kuma na sha ganin wanda ya karanta takardar cikin kwali, ya ga an ambaci sankara, ya tsorata ya daina. Wanda ake bi da shi bisa ƙa'ida yakan shekara goma ko ashirin yana shan sa lafiya. Wani nazari da aka wallafa a 2002, wanda ya bi marasa lafiya 1,240 a garin Wichita na Amurka, ya sami cewa mutuwa ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka sha shi, musamman mutuwar da ke zuwa ta ciwon zuciya, wanda kumburin da ba a kashe ba yake ƙara haɗarinsa. Sai dai yana son haƙuri, domin ba a fara jin sauƙi sai bayan mako uku zuwa shida, cikakken amfaninsa kuma yakan kai wata uku ko fiye, kuma a wannan tsakani ne wasu ke cewa ba ya aiki, su ƙara adadi da kansu ko su koma haɗin kemis. Idan ƙwayar tana tayar da zuciya ko ba ta isa ba, akwai allurarsa ta ƙarƙashin fata, wadda jiki ya fi ɗauka idan adadin ya haura miligiram 15. Idan shi kaɗai bai wadatar ba, ana haɗa shi da salfasalazin da haidiroksikulorokwin, haɗin da wani gwaji na 1996 ya nuna ya fi shi kaɗai ƙarfi, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na sababbin alluran zamani ba, waɗanda su ma galibi tare da metotireksat ake ba da su.

Ina kira ga hukumar NAFDAC da ta wajabta wa masu shigo da wannan magani buga gargaɗin sau ɗaya a mako a jikin kwali da manyan baƙaƙe, da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, tare da gurbin da za a rubuta ranar sha. Hukumar da ke kula da masu harhaɗa magunguna kuma ta tsananta sa ido domin kada a sayar da shi sai da takardar likita, tunda ba ya cikin magungunan da doka ta yarda masu ƙananan kemis su riƙe. Gwamnatocin jihohi su sa gwajin jinin masu wannan cuta cikin tsarin inshorar lafiya, asibitoci kuma su tanadi makarinsa, wato folinik asid, wanda ke shiga ƙwayar halitta a shirye ba tare da ya bi ta inzayim ɗin da aka toshe ba. Wannan makari ya bambanta da folik asid na awon ciki, wanda ba ya iya ceton wanda maganin ya yi wa yawa.

Ga masu jinya a gida kuwa, maƙwabciya mai ciwon gwiwa ba a ɗiba mata daga wannan magani komai tausayin da aka ji mata. Duk wanda ya gano cewa shi ko wani nasa ya sha metotireksat kwana biyu ko uku a jere, kada ya jira alama ta bayyana, domin gyambon baki da faɗuwar jini sukan zo ne bayan kwanaki, makarin kuma ya fi aiki idan aka ba da shi da wuri. Ya ɗauki kwalin da duk sauran magungunan da ake sha, ya nufi babban asibiti mafi kusa, ya gaya wa likita adadin ƙwayoyin da aka sha da ranakun da aka sha su.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani ma'aikacin harhaɗa magunguna, daga Zariya.